Masu sharhi suna yabon ƙanena a wasan dandamali: shin yabon abin dogaro ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ɗan shekara 22 ne, ya gama karatun wasan kwaikwayo bara, kuma a bana ya fito a wasanni biyu na dandamali. A na biyun, wanda har yanzu ana nuna shi, shi aka ba babbar rawa, kuma masu sharhi uku sun yi rubutu a kansa. Ɗaya ya kira shi tauraro mai tasowa, ɗaya ya ce ya daɗe bai ga matashi mai irin wannan baiwa ba, na ukun ya yabe shi amma ya ce muryarsa tana raunana idan wasa ya kusa ƙarewa. Yanzu yana so ya ajiye aikin wucin gadi da yake yi ya rungumi wasa kacokan, kuma an fara kiransa zuwa fim. Ni ce babbarsa, ni ake tambaya a gida. Shin wannan yabo abin dogaro ne, ko kuwa haka ake yi wa duk sabon shiga?"

Wa alaikumus salam, Malama. Idan na fahimce ki daidai, tambayoyi biyu kika haɗa wuri guda. Ta farko ita ce ko abin da masu sharhin nan suka faɗa game da ƙanenki gaskiya ne, ta biyu kuma ita ce ko wannan gaskiyar, idan ta tabbata, ta isa mutum ya gina rayuwarsa a kanta. Mutane sukan ɗauka amsar ta farko ita ce amsar ta biyu, alhali kuwa ana iya yabon matashi da gaskiya tsantsa a kan abin da ya yi a wani dare, ba tare da yabon ya nuna komai game da abin da zai iya yi nan da shekara biyar ba. Na daɗe ina koyar da wasan kwaikwayo da shirya wasannin dandamali, na kuma taɓa rubuta sharhi na wani lokaci, saboda haka zan amsa miki daga ɓangarorin biyu. Sai dai ki riƙe a ranki cewa ban ga ƙanen naki a dandamali ba, ban kuma karanta sharhin ukun da idona ba. Abin da zan iya ba ki shi ne ma'aunin da za ki auna su da shi, hukuncin kuwa yana hannun wanda ya gani.

Yadda ake rubuta sharhin wasa

Mai sharhin wasan dandamali yana aiki ne cikin wani irin ƙunci da mai karatu bai cika lura da shi ba. Sau ɗaya yake ganin wasan, daga kujera ɗaya, kuma galibi a daren da aka keɓe wa 'yan jarida, wanda 'yan wasa suka san da zuwansa tun da wuri suka tara masa duk ƙarfinsu. A manyan gidajen wasa na Landan da New York ma ana fara nuna wasa ga jama'a na 'yan kwanaki ko makonni, ana ta gyare-gyare, kafin a gayyaci masu sharhi, don haka abin da suke gani shi ne wasan a daren da aka fi yi masa shiri. Bayan an tashi, mai sharhi yana da 'yan sa'o'i ko kwana guda ya rubuta abin da bai wuce 'yan ɗaruruwan kalmomi ba, kuma a cikinsu dole ya taɓo labarin, da marubucin, da mai ba da umarni, da tsarin dandamali, sannan ya zo kan 'yan wasa. Matashi, ko da shi ne jigon wasan, sau da yawa jimla biyu ko uku yake samu. A irin wannan matsi ne kalmomi irin su "tauraro mai tasowa" suke yawaita, domin ba su cin wuri kuma ba a neman a kafa musu hujja.

Akwai kuma abin da mai sharhi, komai ƙwarewarsa, ba zai iya rabewa daga kujerarsa ba. Idan ɗan wasa ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya amsa wata magana, zaure ya yi tsit, wa ya ƙirƙiro wannan shirun? Yana iya zama ɗan wasan ne ya gano shi a wurin gwaji, yana iya zama mai ba da umarni ne ya ƙirga masa daƙiƙun, yana kuma iya zama marubuci ne ya rubuta shi tun farko. Haka nan abokin wasa mai gogewa yakan ɗaga matashi ba tare da 'yan kallo sun lura ba, ta hanyar ba shi magana a daidai lokacin da ya dace da kuma tsayawa inda zai bar masa fuskar zaure. Na sha ganin tsohon ɗan wasa ya yi wannan hidima dare bayan dare, sharhi ya fito ya yabi yaron, shi kuwa ko sunansa ba a ambata ba. Wannan ba ya rage wa yaron komai, amma yana nuna cewa yabon da aka rubuta da sunan mutum ɗaya sau da yawa na mutum huɗu ne ko biyar.

Me ya sa matashi yake saurin jawo yabo

Ba zan ce miki haka ake yi wa kowa ba, domin mafi yawan sababbin 'yan wasa ba a ma ambatonsu a sharhi, kuma samun mutum uku su tsaya a kan ƙanenki alama ce cewa akwai abin da suka gani. Amma akwai dalilan da ke sa a ƙara wa yabon matashi gishiri. Mai sharhi ya ga tsofaffin 'yan wasa sau da dama, ya san salon kowannensu, har yakan iya hasashen inda wane zai ɗaga murya. Sabuwar fuska kuwa ba ta da tarihi a idonsa, don haka duk abin da ta yi sabo ne, har da ɗabi'un da nan gaba za a gane cewa iyakarta ke nan. Ga kuma burin da kowane mai sharhi yake ɓoye da shi a ransa, na a ce shi ya fara gano wane. Wannan buri yana da asali, domin har yau ana tuna William Hazlitt da sharhin da ya rubuta a jaridar Morning Chronicle bayan ya ga Edmund Kean, wanda ba a san shi a Landan ba, ya fito a matsayin Shylock, wani jigo a ɗaya daga cikin wasannin marubucin Ingila William Shakespeare, a gidan wasa na Drury Lane a watan Janairun 1814. Wanda ya yabi sabon shiga ba ya asarar komai idan yaron ya ɓace, idan kuwa ya shahara, za a riƙa jawo maganarsa shekara da shekaru.

Dalili mafi nauyi a wurina shi ne dacewar rawa da mai taka ta. Rawar matasa da yawa an rubuta su ne a kan rashin tabbas, da zafin zuciya, da tsoro, da ɗoki, kuma ɗan shekara 22 da ya tsaya gaban ɗaruruwan mutane a babbar rawarsa ta farko yana ɗauke da waɗannan abubuwa a jikinsa da gaske. Rawar jikinsa ta gaskiya sai ta zama rawar jikin mutumin da yake kwaikwayo, 'yan kallo su ji ta har cikin ransu. Wannan abu ne mai kyau, kuma mai ba da umarni nagari da gangan yake neman sa, amma ba a iya cewa gwaninta ce tukuna, domin ranar da tsoron ya gushe, ko aka ba shi rawar da ta yi nisa da halinsa, a nan ne za a ga ko yana da abin da zai maye gurbinsa.

Abin da tarihin dandamali ya nuna

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma akwai misalan da suka gaskata wannan. David Garrick yana da shekara 24 lokacin da ya fito a matsayin Sarki Richard na Uku, a wasan Shakespeare mai wannan suna, a wani ƙaramin gidan wasa na Goodman's Fields a Landan cikin Oktoban 1741. Jama'a suka yi ta tururuwa, aka yabe shi da cewa ya kawo salo mai kama da yadda mutane suke magana da motsi a zahiri, maimakon rera kalamai da ake yi a zamanin, kuma yabon bai faɗi ƙasa ba, domin ya riƙe dandamalin Ingila fiye da shekara talatin har ya yi ritaya a 1776. A kusa-kusan nan ma, Ben Whishaw yana da shekara 23, bai daɗe da gama makarantar wasa ba, ya fito a matsayin Hamlet, jigon wani wasan na Shakespeare, a gidan Old Vic a 2004 ƙarƙashin umarnin Trevor Nunn, ya sha yabo, kuma ya ci gaba da aiki a dandamali da fim har yau.

Amma a wannan Landan ɗin ne aka yi labarin William Betty, wanda nake so ki tsaya a kansa. An haife shi a 1791, ya fara fitowa a Belfast a 1803, ya iso gidan wasa na Covent Garden a Landan a Disambar 1804 yana ɗan shekara 13, yana taka rawar manya, har da Hamlet. Garin ya ruɗe a kansa, ana turereniya a ƙofar gidan wasa, manyan ƙasa suna neman ganawa da shi, aka yi masa laƙabi da sunan Roscius, shahararren ɗan wasan tsohuwar Roma. Cikin 'yan shekaru ƙalilan ɗokin ya kwanta. Ya bar dandamali a 1808, ya sake gwadawa a 1812 yana saurayi, jama'a ba su karɓe shi kamar da ba, daga baya ya haƙura gaba ɗaya, ya rayu har 1874 ba tare da wani ya damu da shi a matsayin ɗan wasa ba. Ba na jin waɗanda suka yabe shi ƙarya suka yi. Sun ga yaro kyakkyawa mai kaifin hadda yana yin abin da ba a zaci yaro zai iya ba, kuma abin mamaki ne da gaske. Sai dai abin da suke yabo shi ne tazarar da ke tsakanin shekarunsa da aikinsa, ita kuwa wannan tazara kullum raguwa take yi. Duk yabon da a ƙarƙashinsa akwai "duk da ƙuruciyarsa" bashi ne aka ba ɗan wasa, kuma lokacin biya yana zuwa ko ya shirya ko bai shirya ba.

Kuskuren masu sharhi kuma ba ta fuska ɗaya yake zuwa ba. Judi Dench ta fara fitowa a matsayin Ophelia, a wasan Hamlet, a Old Vic a 1957 tana 'yar shekara 22, sharhin bai yi mata daɗi ba, amma ta zauna a kamfanin tana taka ƙananan rawa da manya har ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi girmamawa a dandamalin Birtaniya. Ira Aldridge, baƙar fata ɗan New York, ya fito a matsayin Othello, jigon wasan Shakespeare mai wannan suna, a Covent Garden a 1833 yana da shekara 25, wasu jaridun Landan suka far masa da suka mai cike da wariyar launi, aka tsayar da wasan bayan fitowa biyu kacal. Daga 1852 ya shiga zagayen ƙasashen Turai, aka karrama shi a Jamus da Rasha, ya rasu a Poland a 1867 yana mai daraja. Na kawo waɗannan biyun ne domin ki ga cewa mai sharhi ɗan zamaninsa ne, yana shiga zaure da son ransa da ƙiyayyarsa, kuma idan sukarsa tana iya zama kuskure, yabonsa ma haka.

Sharhin ukun da kika ambata

A cikin ukun, na ƙarshen ne ya fi daraja, kuma shi nake so ƙanenki ya ajiye. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: shin mai sharhin ya faɗi wani abu da ya gani ko ya ji, wanda wani zai iya zuwa gobe ya duba ya tabbatar ko ya musanta? "Tauraro mai tasowa" hasashe ne, ba a iya duba shi a dandamali. "Baiwa" kuma kalma ce da ake amfani da ita idan an ji tasiri amma ba a tsaya an gano daga ina ya fito ba. Wanda ya ce murya tana raunana a ƙarshen wasa kuwa ya saurara tun daga farko har ƙarshe, ya kwatanta fitowar farko da ta ƙarshe, kuma ya ɗauki yaron da muhimmancin da ya isa ya gaya masa gaskiya. Tun da ya iya jin wannan aibi, yabon da ya haɗa da shi ma ya fi cancantar a yarda da shi. Ki sake karanta sharhin biyun farko ki duba ko a cikinsu akwai inda aka siffanta wani lokaci takamaimai, kamar yadda ya saurari abokin wasansa, ko yadda ya sauya tafiyarsa bayan wani labari ya iso masa, ko yadda ya faɗi wata jimla da aka saba ihunta cikin sanyin murya. Idan akwai, wannan jimlar ita ce yabon, sauran ado ne.

Maganar muryar kuwa kada a ɗauke ta ƙaramar magana, domin ita ce aibin da na fi gani a wurin matasa masu hazaƙa, kuma dalilinta sananne ne. Murya a dandamali tana tafiya ne a kan numfashi da ke fitowa daga ƙasan haƙarƙari da ciki. Matashin da motsin rai ya ɗebe shi yakan ɗaga kafaɗu, numfashinsa ya taƙaita a saman ƙirji, sai ya riƙa matse maƙogwaro domin ya samu ƙarfin da numfashin bai ba shi ba. A kashin farko na wasa ba a jin illar, har ma takan yi kama da tsananin ji a rai, 'yan kallo su so ta. Bayan sa'a biyu sai muryar ta dushe, ƙarshen kalmomi ya riƙa ɓacewa, na kujerun baya su daina ji, kuma a daidai lokacin ne marubuta suke ajiye mafi nauyin kalamai. A manyan gidajen wasa na kasuwanci ana yin wasa sau takwas a mako, wasu ranakun sau biyu, wani wasan kuma yakan yi watanni. Rawa irin ta Hamlet ta kai kusan layi 1,500. Wanda yake matse maƙogwaro ba zai kai ƙarshen irin wannan zango da lafiyayyar murya ba, kuma idan aka daɗe a haka ana iya samun kumburi ko ƙulli a jijiyoyin murya. Abin farin ciki shi ne ana gyara wannan da horo, wurin malamin murya, cikin watanni, muddin ɗan wasan ya yarda yana da matsalar. Idan dushewar ta wuce makonni biyu ko uku ba ta tafi ba ko da ya huta, wannan ya fita daga hannun malamin wasa ya koma na likitan maƙogwaro.

Maimaitawa ita ce sana'ar

Bambancin dandamali da fim shi ne a fim ana neman ɗauka ɗaya mai kyau a adana ta har abada, a dandamali kuwa dole a sake haifar abin kowane dare. Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana. Denis Diderot, masanin Faransa, a wani rubutunsa da aka buga a 1830 bayan rasuwarsa, ya yi jayayya cewa ɗan wasan da ya dogara ga abin da yake ji a ransa ba shi da tabbas, yau ya yi zafi gobe ya yi sanyi, shi kuwa wanda ya gina rawarsa da nazari da lura yana iya maimaita ta daidai, kuma Garrick ne ya kafa misali da shi. Konstantin Stanislavski, wanda ya kafa gidan wasa na Moscow Art Theatre tare da Nemirovich-Danchenko a 1898, bai yarda a raba ɗan wasa da ji a rai ba, amma ya ƙare rayuwarsa yana neman hanyar da za a riƙa kiran wannan ji a duk lokacin da ake buƙata, ba a zauna jiran ya zo da kansa ba. Sun saɓa a hanya, amma matsala ɗaya suke kallo, kuma ita ce matsalar da sharhin dare ɗaya ba zai iya amsa ta ba.

A nan ne yabo yake iya zama cuta, kuma na ga hakan sau da dama a wasannin da na shirya. Idan sharhi ya ambaci wani lokaci a wasa ya ce ya taɓa zuciya, daga daren da ɗan wasan ya karanta, sai ya fara jin zuwan lokacin tun daga nesa, ya yi masa shiri, ya ɗan ƙara tsawon shirun, ya ɗan juyo da fuska wajen zaure. Abin da a da yake faruwa da shi saboda yana sauraren abokin wasansa, yanzu shi yake nuna shi domin a gani, kuma 'yan kallo, ko ba su san dalili ba, suna jin bambancin. Shi ya sa nake roƙon 'yan wasana kada su karanta sharhi, mai daɗi ko mara daɗi, sai an rufe wasa, kuma 'yan wasa da yawa masu gogewa da kansu suke bin wannan ƙa'ida. Tun da ƙanenki ya riga ya karanta, abin da ya rage shi ne ya nemi mai ba da umarninsa ya sake zama a zaure ya kalle shi, ya gaya masa ba tare da kara ba ko wani abu ya sauya. 'Yan uwa ma suna da nasu hannun a nan, domin idan kullum a gida ana maimaita masa jimlar da aka yabe shi da ita, ana taya shi ɗaukarta zuwa dandamali.

Akwai shaidun da na fi yarda da su a kan sharhin jarida. Mafi ƙarfinsu shi ne a sake ɗaukarsa aiki. Mai ba da umarnin da ya yi makonni da shi a ɗakin gwaji ya san ko yana zuwa a kan lokaci, ko yana haddace kalamansa da wuri, ko yana karɓar gyara ba tare da fushi ba, ko kuma shi ne ya yi ta tallabarsa har aka kai ga abin da masu sharhi suka gani. Idan wannan mutumin ya sake kiransa, musamman a rawar da ba ta yi kama da ta farko ba, ya faɗi abin da ya fi sharhi goma. Haka nan ra'ayin tsofaffin abokan wasansa, da na mai kula da tafiyar wasa a bayan labule, wanda shi kaɗai ne yake ganin kowane dare ba ya tsallake ko ɗaya. Lambobin yabo na matasa suna da ɗan amfani wajen buɗe ƙofa. A Birtaniya, alal misali, akwai kyautar Ian Charleson da aka kafa a 1990 domin 'yan wasan da ba su kai shekara 30 ba a tsofaffin wasanni, a New York kuma akwai ta Theatre World da ake ba sababbin shiga tun tsakiyar shekarun 1940. Amma su ma alƙalai ne suke zaɓe, kuma abin da suka gani a 'yan darare suke aunawa.

Batun aiki da kiran fim

A kan ajiye aiki, ra'ayina shi ne kada yabo ya zama dalilin. Dalilin da ya dace shi ne yarjejeniyar aiki a hannu. Sana'ar wasa, a ko'ina ake yin ta, tana da dogayen tazara tsakanin wannan aiki da na gaba, kuma ƙwararrun 'yan wasa da yawa suna riƙe da wata sana'a a gefe har tsawon rayuwarsu ba tare da hakan ya rage musu daraja ba. Idan aikin nasa na wucin gadi yana barinsa ya je gwaji da tantancewa, riƙe shi yana ba shi ikon ƙin rawar da ba ta dace da shi ba, kuma wannan iko yana da tsada ga matashi, domin wanda yunwa ta kora yana karɓar duk abin da aka miƙo masa. Idan kuwa aikin yana hana shi karɓar wata rawa ta gaske da aka riga aka ba shi a rubuce, to a nan akwai hujjar barinsa ko sauya shi da mai sauƙi. Ki tambaye shi abin da yake da shi tabbatacce na watanni shida masu zuwa, amsarsa za ta nuna miki ko lissafi yake yi ko ɗoki.

Fim ba abokin gabar dandamali ba ne, kuma yakan biya abin da dandamali ba ya iya biya. Abin lura kawai shi ne masu fim suna kiran matashi ne saboda abin da suka riga suka gani, kuma shi za su nemi ya maimaita, ga shi kuma na'urar ɗaukar sauti tana ɓoye raunin murya, don haka ba abin da zai tilasta masa gyara shi. Marlon Brando ya girgiza dandamalin New York a 1947 yana da shekara 23, ya koma fim daga 1950, bai sake fitowa a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa na New York, ba. Ya zama babban ɗan fim, ba wanda zai ce ya yi asara, amma ɗan wasan dandamalin da aka yaba a wancan lokacin ba a sake ganin girmansa ba. Idan ƙanenki dandamali yake so da gaske, ya karɓi fim ɗin da bai ci karo da wasansa ba, ya kuma tabbata yana komawa gaban 'yan kallo a kai a kai, domin murya da juriyar dandamali suna gushewa idan aka daɗe ba a yi amfani da su ba.

Ke kuma, tun da har yanzu ana nuna wasan, akwai abin da za ki iya yi wanda masu sharhin uku ba su yi ba. Ki je ki kalle shi sau biyu ba tare da kin sanar da shi ba, ɗaya a tsakiyar mako lokacin da zaure bai cika ba, ɗaya kuma a ranar da aka yi wasa sau biyu, ki zaɓi na biyun. Ki zauna a layin baya. Ki lura ko kina jin ƙarshen kowace kalma a kashin ƙarshe, ki kuma kalle shi a lokacin da wani ne yake magana, ki ga ko saurare yake yi ko jiran nasa layin. Abin da kika gani a waɗannan darare biyu shi za ki kai wa mutanen gida, tare da amsar da ya ba ki a kan watanni shidan nan.